Yadda Za Ku Fitar da Yara Waje Su Yi Wasa, Su San Itatuwa da Tsuntsayen Garinsu

Ku tambayi yaro ɗan shekara tara a cikin birni ya nuna muku bishiyar kuka. Kullum yana shan miyarta, amma sau da yawa sai ku ga ya yi zuru. Ba laifinsa ba ne. Daga boko sai islamiyya, daga islamiyya sai gaban talabijin ko wayar uwarsa, ƙofar gida kuma a garƙame saboda tsoron abin da ke waje. Tsoron yana da dalili, amma jiki ma yana da haƙƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 yana motsa jiki sosai a kowace rana. Ga hanyar da za a bi.

Da farko ku ware lokaci, ku tsaya a kansa. Idan aka ce "sai an samu sarari", ba za a samu ba. Bayan La'asar ne ya fi, rana ta yi sanyi, sauro bai fito ba. Inda islamiyya ta cinye yamma, akwai Alhamis da Juma'a da yawancinsu ke hutu, akwai kuma safiyar Asabar da Lahadi. A watannin zafi, daga Maris zuwa Mayu, kada a fita da tsakar rana, kuma a riƙe gorar ruwa. Hasken waje kansa yana da amfani ga ido. A Taiwan, tun 2010 aka umarci makarantu su riƙa fitar da yara waje na minti 120 a rana don rage matsalar rashin ganin nesa, kuma an ga sauƙi.

Na biyu, wuri. Ba sai an samu lambun shaƙatawa ba. Tsakar gida, gindin darbejiyar ƙofar gida, filin makarantar firamare, duk sun isa. Ku je da kanku ku duba: kwalba a fashe, rijiya ba murfi, wayar wuta, hanyar da babura ke gudu. Sannan ku yi magana da maƙwabta biyu ko uku a raba kwana, yau wannan uwar ko wannan uban ke zaune yana sa ido, gobe wancan. Da can dandali haka yake, yaro na kowa ne.

Na uku shi ne mai wuya: ku ma ku fita, wayar kuma ta zauna a aljihu. Yaron da aka ƙwace wa waya aka kora waje, alhali uban yana kwance yana latsa tasa, horo aka yi masa, kuma ya san horo ne. Ku zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa. Ku tona ramukan dara. Ku nuna musu langa, a riƙe ƙafa ɗaya da hannu a yi ta tsalle ana ture juna, ko da kuwa ku ne za ku fara faɗuwa su yi muku dariya. 'Yan mata a tara musu tsakuwar carafke, a koya musu waƙoƙin gaɗa. Tsohuwar taya ta gare, karan dawa na ƙera mota, yumɓu na gina shanu, babu wanda zai ci muku ko sisi. Da wasa ya kankama, sai ku ja gefe. Su tsara dokarsu, su yi gardama, su sasanta. Riga za ta yi datti, a sa musu tsohuwa.

Daga nan sai sunaye, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar. Abin da yaro bai san sunansa ba, ba ya ganinsa ko da kullum yana wucewa ta gabansa. Duk fita ku koya masa guda ɗaya kacal. Wannan tsamiya ce, taɓa ganyenta ka ji ƙanƙantarsa. Wannan aduwa, ga ƙayarta. Ga magarya, ga kanya, ga goruba mai rassa, ga giginya da ta miƙe sambal. Ku kai shi gindin gawo da damina ya ga ya kaɗe ganye sarai lokacin da kowace bishiya ta yi shar, ku dawo da rani ya tarar da shi kore. Kada ku yi saurin ba shi bayani, ku bar shi ya yi mamaki tukuna, sannan ku sa ya tambayi wani tsohon manomi abin da ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Haka tsuntsaye: balbela a bayan shanu, kurciya, hankaka, da shamuwa wadda zuwanta ke nuna damina ta ƙarato. A sayi littafin rubutu guda, ya riƙa manna ganye, yana rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa da ranar ruwan farko. Baɗi ya gwada. Idan ku kanku sunayen sun ɓace muku, kaka tana nan.

Sai kuma shuka. Gwangwanin madara da aka huda ƙasansa, ƙasa da ɗan taki, ƙwayar wake uku. Cikin 'yan kwanaki zai tsiro, shi ya sa ya fi dacewa da ƙananan yara marasa haƙuri. Manya a ba su zogale a kusurwar gida, kowa da nasa, shi ke ban ruwa. Ranar da aka yi kwaɗo da ganyen zogalen yaro, a faɗa a gaban kowa.

Akwai abubuwan da ba a sassauci a kansu. Babu wanka a kududdufi. Bayan haɗarin nutsewa, a irin wannan ruwan ake ɗaukar tsargiya, wato fitsarin jini, kuma cuta ce da ke bukatar asibiti, ba alamar girma ba kamar yadda wasu ke ɗauka. Ba a zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse saboda kunama da maciji. Ba a cin ɗan itacen da babba bai gani ba, musamman 'ya'yan zaƙami da na bini-da-zugu masu kama da gyaɗa. Nonon tumfafiya kada ya kusanci ido. Da Magariba ta yi kowa ya shigo, a wanke hannu da ƙafa.

Idan hali ya samu, sau ɗaya a shekara a yi tafiya. 'Yan Kano suna da gidan zu na Audu Bako da Dutsen Dala. A Bauchi akwai Yankari da ruwan ɗumi na Wikki. Da hunturu, fadamun Haɗeja da Nguru kan cika da tsuntsayen da suka taso tun daga Turai. A bincika lafiyar hanya kafin a tashi. Wanda bai samu wannan ba, ya kai su ƙauye lokacin kaka su kwana biyu, su bi 'yan uwansu gona roron gyaɗa.