Yadda lauya zai cike sa'o'in ƙarin ilimi, lasisinsa ya zauna lafiya

Sabbin lauyoyi in sun zo mini da maganar ƙarin ilimi na dole, wato karatun da hukuma ke wajabta wa lauya ya riƙa yi bayan ya samu lasisi, tambayarsu ɗaya ce: awa nawa ake so? Nakan ce musu adadin shi ne mai sauƙin. Abin da ke kayar da mutum shi ne irin awannin da ya tara, da wanda ya koyar da shi, da takardar da zai nuna.

Ka fara da karanta dokar hukumar da ta ba ka lasisi da idonka, kada ka dogara da ji-ta-ji-tar abokan aiki. A Amurka kowace jiha da tsarinta, tun da Minnesota ta fara wajabta abin a 1975. Texas tana neman awa 15 duk shekara, 3 daga ciki a kan ɗa'ar aiki, kuma lissafin yana bin watan haihuwarka ne. California awa 25 cikin shekara uku. New York 24 cikin shekara biyu, sabon lauya kuwa 32 a shekaru biyunsa na farko. A Ingila da Wales, hukumar SRA mai kula da lauyoyi ta soke sharaɗin awa 16 tun 2016, ta ce lauya ya duba inda yake da rauni ya gyara, ya kuma shaida cewa ya yi. In kana da lasisi a wuri biyu, to doka biyu ce a kanka.

Daga nan ka fara da awannin da aka ware wa fanni na musamman. Nan ne ake yawan tuntuɓe. Mutum zai tara awa 30 a dokar kasuwanci saboda ita ce sana'arsa, a ƙarshe a ce masa bai cika ba, don New York tana son awa 4 na ɗa'a, da awa 1 a kan tsaron intanet da bayanan mutane. A ganina wannan awa ɗayar ta fi wasu goma amfani, tunda yanzu sirrin wanda kake karewa a wayarka yake kwana.

Kafin ka biya kuɗin kwas, tabbatar hukumarka ta amince da mai bayar da shi. Ka tambayi yadda ake ƙirga awa: New York minti 50 take ɗauka, California 60. In ta intanet ne, ka zauna da biro a hannu, domin akan faɗi wata lamba a tsakiyar darasi, wadda ita ce shaidar kana nan. Ka tashi amsa waya, ta wuce ka.

Takardar shaida kuwa, ka karɓe ta ranar, ka ɗauki hotonta, ka rubuta kwanan wata da fanni da adadin awa a takarda guda. New York ta ce a ajiye su shekara huɗu, saboda ana iya binciken ka. Awannin da suka yi rara, duba ko an yarda ka tsallaka da su zuwa zango na gaba.

Wanda wa'adi ya wuce shi, yawanci tara ake fara ci, in ya ci gaba da sakaci a dakatar da shi daga aiki. Idan ciwo ko wani uzuri ya tare ka, rubuta wa hukumar neman ƙarin lokaci tun wa'adin bai cika ba, ka haɗa da takardar likita.