Jan furen Nuwamba da rantsuwa da sunan Sarkin Ingila: abin da ya kamata sabon zuwa Kanada ya sani

Assalamu alaikum 'yan uwa sababbin zuwa, barkanku da sauka, Allah ya sa kun zo a sa'a. Na san yanzu hankalinku duk yana kan neman gidan haya da katin asibiti da rigar sanyi, kuma dole ne, amma akwai abin da ba kasafai ake gaya wa baƙo ba, ni ma ba wanda ya gaya min sai da na yi kuskure tukun.

Shekarata ta farko ina aiki a wani sito, ranar 11 ga Nuwamba ƙarfe 11 na safe daidai sai na ji an kashe injina gaba ɗaya, kowa ya tsaya a inda yake kai a sunkuye, ni kuwa ina can gefe ina waya da ƙanena na gida murya sama. Wata dattijuwa da muke aiki tare ta juyo ta dube ni, ba ta ce komai ba, ta ɗora yatsa a kan jan furen da ke maƙale a ƙirjinta. Na kashe wayar. Da aka tashi shan shayi ta zo ta zauna kusa da ni ta ce wan mahaifinta ya tafi yaƙi Faransa a 1942 bai dawo ba, kuma kakarta har ta mutu ba ta yarda an taɓa ɗakinsa ba. Wallahi har yau in na tuna sai na ji nauyi.

To furen nan popi ake ce masa. Daga Juma'ar ƙarshe ta Oktoba za ku fara ganinsa a ƙirjin 'yan siyasa, masu karanta labarai, direbobin bas, yaran makaranta. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Legion ce ke ajiye shi a kantuna da shagunan kofi da ɗan akwati a gefe, ba shi da farashi, abin da ya sawwaƙa za ka jefa ka ɗauka, kuɗin kuma na tsofaffin sojoji ne da iyalansu. A hagu ake maƙala shi wajen zuciya. Ba wanda zai tilasta maka, amma shirun nan na minti biyu don Allah a kiyaye shi, ko a kanti ya same ka. Wasu 'yan uwa sun tambaye ni ko ibadar wani addini ce, a'a, tunawa ce da mamatan yaƙi kamar yadda ake yi a Najeriya ranar 15 ga Janairu, kai ma kana iya yin addu'arka a zuci. Kuma kar ka ɗauka hutu ne a ko'ina, a Ontariyo da Kebek yawancin mutane aiki suke zuwa ranar, ka tambayi wajen aikinka.

Me ya sa abin ya shiga ransu haka? Mu dai mun saba da ranar 'yanci guda ɗaya, an sauke tutar Bature an ɗaga tamu a 1960, shi ke nan. Kanada ba haka ta yi ba. Tun 1867 suna da gwamnatinsu da majalisarsu, amma maganar yaƙi da hulɗa da ƙasashen waje tana hannun Landan. Shi ya sa da Ingila ta shelanta yaƙi da Jamus a Agustan 1914, Kanada kawai ta wayi gari tana cikin yaƙin, ba a nemi shawararta ba, kamar dai yadda aka kwashi kakanninmu aka kai su Kamaru da Gabashin Afirka, daga baya a yaƙin Hitila aka kai su Boma. Ƙasar a lokacin mutum miliyan 8 ne kacal, amma sama da 600,000 suka shiga soja, sama da 60,000 ba su dawo ba. Ka lissafa ka gani, da wuya a samu garin da bai yi rashi ba, shi ya sa duk ƙauyen da ka je za ka tarar da dutse a tsakiyar gari an zana sunaye.

In kana da takardar dala 20 koriyar nan, juya bayanta. Dogayen ginshiƙan nan biyu farare suna Faransa, a wani tudu da ake kira Vimy. A nan ne a Afrilun 1917 duka rundunonin Kanada huɗu suka haɗu suka yi faɗa tare karon farko, suka ƙwace tudun daga hannun Jamusawa bayan sojan Faransa sun sha gwadawa abin ya faskara. Mutum 3,598 suka rasa cikin kwana huɗu. A jikin ginin an rubuta sunayen mutum 11,285 waɗanda ba a san kabarinsu ba. Bayan yaƙin Firayim Minista Robert Borden ya dage cewa ƙasar da ta zubar da jini haka ba za a yi sulhu tana tsaye a bayan Ingila ba, aka ba Kanada ta sa hannu da kanta a yarjejeniyar 1919. Af, harajin albashin nan da za ku riƙa cike takardarsa kafin ƙarshen Afrilu kowace shekara, shi ma a 1917 aka ƙirƙiro shi don kuɗin yaƙi.

Amma fa ba kowa ne yake kallon labarin da ido ɗaya ba, kuma wannan 'yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka nufi Kebek saboda Faransanci su fi kowa kula da shi. Da gwamnati ta kawo dokar shiga soja dole a 1917, masu jin Faransanci suka ce wannan yaƙin Ingila ne ba nasu ba, rikici ya ɓarke har sojoji suka buɗe wuta a birnin Kebek a 1918 mutum huɗu suka mutu. A 1942 lokacin yaƙin Hitila aka tambayi jama'a da ƙuri'a kan maganar shiga soja dole, sauran ƙasar ta ce eh, Kebek sama da kashi 70 cikin 100 suka ce a'a. Saboda haka in ka ga popi bai yi yawa a Montiriyal kamar a Toronto ba kar ka yi mamaki, kuma maganar Sarkin Ingila ko ta ɓallewar Kebek ba hirar da baƙo zai buɗe da ita ba ce a wajen aiki, ka saurara dai tukuna.

Wani abin da ya taɓa ni sosai, baƙaƙen fata na ƙasar nan da suka je shiga soja a yaƙin farko korarsu aka riƙa yi. Sai a 1916 aka haɗa musu bataliyarsu daban a Nova Scotia, aka tura su Faransa saran katako da gyaran hanya. Sai a 2022 gwamnati ta fito ta nemi gafara. 'Yan asalin ƙasar su ma sun yi yaƙin, suka dawo ba su da cikakken 'yancin ƙuri'a sai 1960. A 1942 kuma aka kwashe 'yan asalin Japan kusan 22,000 daga gidajensu aka sayar da dukiyarsu. Ina faɗa ne don ku san ƙasar tana da nata tabon, kuma in ranar ta zo mu ma muna da waɗanda za mu tuna.

A 1931 Ingila ta amince a rubuce cewa Kanada ce mai ikon dokokinta. Da yaƙi na biyu ya zo aka ga bambancin, Ingila ta shiga ranar 3 ga Satumban 1939, Kanada ta ce sai majalisarta ta zauna, sai ranar 10 ta shelanta nata da bakinta. Mako guda ne kawai amma wajensu babban abu ne. Sama da mutum miliyan ɗaya suka sa kaki, wajen 45,000 suka mutu, sama da 900 a rana ɗaya a garin Dieppe na Faransa, inda wan mahaifin dattijuwar nan ya kwanta. Su ne kuma suka kori Jamusawa daga yawancin Holan, shi ya sa har gobe Holan take aiko da furannin tulif Otawa, in watan Mayu ya yi ku kai yara su gani, kyauta ne.

Kuma duk da haka, har 1947 babu wani abu wai shi ɗan ƙasar Kanada a doka, kowa talakan Sarkin Ingila ne. Tutar nan mai jan ganye sai 15 ga Fabrairun 1965 aka fara ɗaga ta, wato tutar Najeriya da ta Nijar sun girme ta. Tsarin maki da da yawanmu muka shigo ta hanyarsa a 1967 aka kawo shi, kafin shekarun nan Bature ake fifitawa ƙiri-ƙiri. Ikon gyara kundin tsarin mulki kuwa sai 17 ga Afrilun 1982 ya dawo Otawa, Sarauniya Elizabeth ta zo da kanta ta sa hannu, kuma a cikinsa ne aka sa dokar 'yanci da ta ba ka damar yin addininka ba mai hana ka. Gwamnatin Kebek ba ta sa hannu ba, har yau.

To shi ya sa ranar da za ka karɓi takardar zama ɗan ƙasa za ka ji ana rantsuwar biyayya ga Sarki Charles, wasu sai gabansu ya faɗi su ce ashe ƙasar ba ta da 'yanci. Tana da shi, a matsayin Sarkin Kanada ake ambatarsa, ba ya yin doka ba ya karɓar haraji, mulki yana hannun majalisa da Firayim Minista. Kafin ranar sai ka cika kwana 1,095 a ƙasar cikin shekara biyar, in kuma shekarunka tsakanin 18 da 54 ne akwai jarrabawa, tambaya 20 ana so ka ci 15, kuma Vimy da popi da 1982 duk suna cikin littafin Discover Canada da gwamnati ke bayarwa kyauta. Kar ka bari sai saura mako guda ka fara haddar shekaru.

In kana Otawa ranar 11 ga Nuwamba ka je dandalin tunawa da mamatan yaƙi da ke kusa da majalisa, akwai kabarin wani soja da ba a san sunansa ba wanda aka ɗauko daga kusa da Vimy a 2000. In an gama taro za ka ga mutane sun yi layi kowa yana cire furen ƙirjinsa yana ajiyewa a kai har kabarin ya koma ja. In ba a Otawa kake ba garinku ma za a yi, ka tambayi maƙwabta inda ake taruwa. Ka fita da wuri kafin 10:30, ka sa safar hannu da hular sanyi don tsayuwar tana da tsawo, wayarka kuma ka kashe mata ƙara tun daga gida.