Kurakuran da Ake Yi da Faifan Ajiya, da Yadda Za a Kauce Musu

Ina da ɗan shagon ɗaukar hoto da bidiyon biki a Tudun Wada, kuma da yake kullum ana ganina a gaban kwamfuta, mutanen layinmu sun mai da ni likitan duk wani abu mai kebul. Abin da aka fi kawo mini shi ne faifan ajiya, ɗan akwatin nan da bai wuce tafin hannu ba da ake jona wa laftof, wanda 'yan kasuwa ke kira estanal. Ba wanda ya taɓa kawo mini nasa yana da lafiya. Sai ya yi shiru, ko ya fara ƙas-ƙas, sannan a tuna da ni.

A damunar bara ƙanen wani abokina, ɗalibin shekarar ƙarshe, ya shigo jiƙe sharkaf, da faifai a cikin leda.

"Yaya, don Allah duba mini wannan. Furojet ɗina ne a ciki, ya ƙi buɗewa."

"Ina ɗaya kwafin?"

"Ai wannan ne bakof ɗin."

"To na kan laftof fa?"

Ya sosa ƙeya. "Na goge, wuri ne ya cika."

Wannan shi ne uban kurakurai, kuma masu ilimi ma suna yin sa. Mutum ya sayi faifai, ya kwashe hotuna da takardu daga kwamfuta ya zuba a ciki, ya goge na asali, ya ce ya yi ajiya. Bai yi ba, ƙaura kawai ya yi wa kayansa, daga ɗaki mai ƙofa zuwa jakar da ake yawo da ita a kan acaɓa. Abu ba ya zama ajiyayye sai yana wuri biyu a lokaci guda, ta yadda in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Kuma kowane faifai zai mutu, na kowane kamfani ne, ranar ce kawai ba a sani ba. Idan laftof ɗinka ta cika har dole sai ka rage mata kaya, to faifai biyu kake buƙata, ba ɗaya ba. In kuɗinka na ɗaya ne, ware abin da ba za a sake samu ba, kamar takardun fili, hotunan iyaye da aikin makaranta, ka bar kwafinsu a kwamfuta. Fina-finai da karatuttukan da ka turo daga wayar wani su ne za su yi ƙaura, don ko sun ɓata za ka same su a wurinsa.

Sai maganar saye, inda ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa.

An taɓa kawo mini wani faifai mai sheƙi, an rubuta terabait 2 a jikinsa, mai shi yana ta murna ya same shi a kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba. Kwamfuta ma ta nuna terabait 2 ɗin. Ya zuba bidiyon sunan 'yarsa da hotunan Umrar mahaifiyarsa, sunayen fayilolin duk suna nan reras, amma in an danna ba abin da ke buɗewa. Da muka ɓalle murfin, sai ga ɗan guntun filashi an manna shi da gam, da wasu ƙarafa biyu a gefe don abin ya yi nauyi a hannu. Yadda ake haɗa irin wannan shi ne a sauya bayanan da ke cikin ƙwaƙwalwar filashin, ya riƙa yi wa kwamfuta ƙaryar girmansa. Da zarar ɗan wurin da yake da shi na gaskiya ya cika, abin da aka ƙara zubawa ko dai ya hau kan na baya ya shafe shi, ko ya tafi a iska. Araha ba ta ado.

Maganin wannan kyauta ne, haƙuri kawai yake ci. Akwai wata 'yar manhaja mai suna H2testw da ke cika faifai da bayanai tun daga farko har ƙarshe, sannan ta karanta ta ga ko abin da ta rubuta na nan. A faifai mai terabait 1 za ta kwashe awanni, don haka a sa ta da dare, a ranar da aka sayo, kafin a zuba komai. Ka yi magana da mai shago tun a wurin ciniki cewa za ka gwada, in ya gaza za ka dawo da shi, kuma ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin faifan. Seagate da WD suna da shafi a intanet inda za ka sa wannan lamba ka ga ko sun san da faifan, da ranar da garantinsa zai ƙare. Kamfanoni uku ne suka rage a duniya masu ƙera faifai mai juyawa, su biyun nan da Toshiba, don haka duk wani suna da ka gani a jikin akwati, in sabon faifai mai juyawa ne a ciki, na ɗayansu ne.

Akwai kuma wanda ba jabu ba ne, tsoho ne aka yi masa sabuwar riga: a ciro faifai daga laftof ɗin gwanjo, a sa a sabon akwati, a sayar a matsayin sabo. Manhajar CrystalDiskInfo tana tona wannan asiri cikin minti ɗaya, domin faifai yana riƙe da lissafin awannin da ya yi a kunne. Wanda aka ce maka yanzu aka ɓare ledarsa bai kamata ya nuna dubban awanni ba. In kuma ta nuna launin ɗorawa a wurin lafiyarsa, mayar da shi.

Wani abu dai a yi wa 'yan kasuwa adalci. Na ga wanda ya koma shago da faɗa don ya sayi terabait 1 amma Windows ta nuna masa gigabait 931. Ba a cuce shi ba. Kamfani yana lissafi da 1,000, Windows kuma da 1,024, girman ɗaya ne.

Mutane da yawa ba su san faifan iri biyu ne ba. Akwai HDD, wanda a cikinsa akwai faranti mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa, da wata allura da ke shawagi a kansa da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba. Ka ɗora yatsa a kansa yana aiki, za ka ji yana ɗan rawa. Akwai kuma SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri nesa ba kusa ba, ya fi jure faɗuwa, ya kuma fi tsada. Kuskuren shi ne a sayi kowanne don aikin ɗan'uwansa. Mai yawo da aiki kullum, daga Rigasa zuwa cikin gari, ko mai bin jirgin ƙasa zuwa Abuja duk mako, SSD ya dace da shi. Wanda zai zuba kaya masu yawa ya ajiye a durowa, HDD ya fi masa sauƙin kuɗi, kuma a ganina ya fi dacewa, domin SSD da cajin lantarki yake riƙe bayanai, in aka bar shi shekaru ba a jona ba, musamman a ɗaki mai zafi, cajin yana iya zurarewa.

A duba ramin da ake jonawa kuma. USB 3.0 galibi cikinsa shuɗi ne. Kayan gigabait 100 da HDD zai kwafe cikin kwatan awa ko ɗan fiye da haka ta shuɗin rami, sai ya kusa cin awa guda ta tsohon rami na 2.0. Wanda kwafi ke ci masa awa guda kullum, ba da jimawa ba zai daina yi.

Fomat, wato tsarin da ake shirya faifai a kai don ya karɓi fayiloli, ba sai na ja shi da nisa ba. FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, shi ya sa bidiyon biki ke ƙin shiga alhali ga wuri fal. NTFS na Windows ne, kwamfutar Mac tana karanta shi amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Mai amfani da duka biyun ya zaɓi exFAT. A yanke wannan shawara faifai yana wayam, domin fomat yana share komai.

Riƙo shi ne inda ni kaina na sha. Shekarun baya ina tsakiyar kwafe bidiyon wani ɗaurin aure, aka kira ni waje, na ɗauki laftof ɗin na miƙe, na manta da faifan da ke jone. Ya yi lilo a jikin kebul, ya bugi ƙafar tebur, ya faɗi. Tsawon da ya faɗo bai kai kamu biyu ba. Da a kashe yake, wataƙila da ya rayu, don allurar tana komawa makwancinta in ba ya aiki. Amma yana juyawa ne, allurar ta karci farantin. Allah ya taimake ni ban goge katin kyamarar ba tukuna. Tun daga ranar, faifai in yana aiki a shagona, a shimfiɗe yake a tsakiyar tebur, ba a ɗaga shi, ba a matsar da shi, ba a ajiye kofin shayi kusa da shi.

Fizge kebul ba tare da an sallami faifai daga kwamfuta ba shi ma yana ɓata aiki, domin wani lokaci allon ya nuna an gama alhali saura kaɗan ba a rubuta ba. Daƙiƙa biyar ne a danna alamar cirewa a jira. Masu babbar kwamfutar tebur da ba su da UPS, batirin nan da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, kada su fara dogon kwafi in ana wasa da wuta, ko man janareto ya yi ƙasa. Sannan kada a naɗe kebul a jikin faifai yana soke a bakinsa a cusa a aljihu. Bakin nan ne ke fara sakwarkwacewa. Kada kuma a bar shi cikin mota a rufe a zafin Maris da Afrilu.

Ga wani kuskuren da ke kama da taka-tsantsan: barin faifai a jone dare da rana. Duk abin da ya sami kwamfuta zai same shi. Akwai bairos da ke kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, kuma ba ya tsallake faifan da ya tarar a jone. A jona, a kwafa, a sallama, a cire. Kuma faifan ajiya ba na kai wa shagon buga takardu ba ne. A sayi ƙaramin filashi don wannan aike. In an riga an kai, ya dawo duk foldoji sun koma alamun gajeriyar hanya masu 'yar kibiya, kada a danna su, kada kuma a yi fomat cikin firgici. Galibi kayan na nan, ɓoye su aka yi. A fara wanke shi da manhajar kashe bairos, sannan a buɗe cmd, wurin rubuta umarni na Windows, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* a sa harafin faifan a madadin E. Na sha ganin fuskar da ta yi fari fat ta dawo daidai da wannan layi ɗaya.

To ina ake ajiye shi? Mafi yawan mutane, a jakar laftof. Wanda ya fizge jakar a tasha ya tafi da asali da kwafi a tashi ɗaya, haka gobara, haka ruwa ga waɗanda gidajensu ke kusa da kogin Kaduna. Masu wannan harka suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam. Nawa tsarin ba wani na a zo a gani ba ne. Faifai ɗaya na shago, ɗaya na gidan yayata a Kawo, duk ƙarshen wata in na je gaishe ta sai in musanya su. Takardu masu muhimmanci kuma suna Google Drive, gigabait 15 ɗin kyauta ya ishe su, duk da Gmail da hotuna ma a ciki suke ci. In akwai sirri a faifan da zai kwana a gidan wani, BitLocker na Windows Pro yana kulle shi, amma a rubuta lambobin ceto guda 48 da zai bayar a takarda a adana, don in an manta kalmar sirri kuma babu su, ba mai buɗe shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Windows tana da File History, Mac tana da Time Machine, duk suna kwafe abin da ya sauya da kansu in an jona faifai. A sa rana, ko Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kuma lokaci-lokaci a buɗe tsofaffin fayiloli daga faifan a gani da ido ko suna buɗewa.

Idan ya fara ciwo, alamunsa sanannu ne: nauyi wajen buɗe folda, ɓacewa da dawowa, ko ƙarar ƙas-ƙas. A fara da canza kebul da rami, don sau da yawa a nan matsalar take. In yana buɗewa, a kwashe mafi muhimmanci nan take, ba gobe ba. In Windows ta ce sai an yi fomat, a ce a'a. In goge abu aka yi bisa kuskure, a daina zuba komai a ciki, a gwada manhajar ceto fayiloli, Recuva ko PhotoRec, a sauke abin da aka ceto a wani faifan dabam. Amma mai ƙas-ƙas a cire shi kawai. Kowace kunnawa ƙarin karce ce. Kada a sa shi a firiza, kada a bubbuga shi, kada a bari mai gyaran waya ya kwance murfin farantin a kan benci cikin ƙurar hunturu, garin neman gira a rasa ido.

Na ɗalibin nan ya riga ya sha kunnawa da bubbugawa a hannu uku kafin ya iso wurina, ba abin da na iya ciro masa. Babi na ɗaya zuwa na uku muka tsinto a imel ɗin da ya taɓa tura wa malaminsa. Na huɗu da na biyar ya sake buga su da hannu daga takardun da malamin ya yi wa gyara da jan biro, kwana tara yana zuwa shagona bayan isha'i, yana zaune a kan bencin da amare ke jiran hotunansu.