Babi na Bakwai: Idan Fankar Lagireto Ta Ƙi Juyawa

Darasi na 1: Gane ciwon tukuna

Buɗe bonet. Dubi gaban motar, za ka ga lagireto, wato tankin nan mai ƙananan ramuka inda ruwan inji ke shan iska ya huce. A bayansa akwai fanka. Idan ka ga waya ta shiga bayan fankar, to ita ce muke magana a kanta. Wadda bel ke ja, ba ruwanmu da ita a nan.

Ga yadda ciwon ke nuna kansa. Mota tana gudu a hanya, allurar zafi tana tsakiya lafiya lau. Da ka tsaya cikin cunkoso, sai allura ta fara hawa. Ka samu hanya ka taka, ta sauko. Dalili kuwa, in ana gudu iska na shiga lagireto da kanta. In an tsaya, fanka kaɗai ke jawo ta. Motar da ke zafi ko ana gudu, ciwonta yana wani wuri daban.

Kada ka ta da inji da sanyin safiya, ka ga fanka a tsaye, ka ce ta mutu. Ba ta mutu ba, jira take. Fankar yawancin motoci ba ta tashi sai ruwa ya kai wajen digiri 95 zuwa 105. In kana so ka gani da wuri, ta da inji ka kunna AC. A motoci da yawa fanka kan tashi nan take.

Kafin ka taɓa komai, riƙe waɗannan. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, tafasasshen ruwa zai feso maka a fuska. Bari inji ya huce sarai, sannan ka buɗe ka ga ko ruwan ya cika. Kuma fankar nan tana iya tashi da kanta ko da ka zare makulli. Duk lokacin da hannunka zai shiga tsakanin fukafukanta, ɗauki sifana ka cire kan batir mai alamar ragi (−) tukuna. Naɗe hannun riga, cire zobe da agogo.

Darasi na 2: Kwan gwaji

Wannan darasi ya fi sauran duka muhimmanci, don haka ka karanta shi a hankali, ko sau uku ne. Ba kunya ba ce.

Kwan gwaji kamar sukundireba yake, da tsini a gaba, da ɗan ƙwan fitila a cikin mariƙinsa, da waya doguwa mai maƙali a ƙarshenta. Sayi na mota, mai bolt 12. Na wutar gida ba zai yi ba.

Wutar mota takan fita daga kan batir mai alamar ƙari (+), ta bi waya ta shiga fanka, ta koma ta jikin ƙarfen motar zuwa kan batir mai alamar ragi (−). In hanyar ta yanke a ko'ina, fanka ta tsaya. Aikinka shi ne ka bi wutar ka ga inda ta tsaya. Kwan nan shi zai nuna maka.

Yanzu yi wannan da hannunka:

Maƙala maƙalin a kan batir mai alamar ragi (−). Ɗora tsinin a kan mai alamar ƙari (+). Ƙwai ya kama? Madalla, kwanka lafiya yake. Bai kama ba? Tsaya nan, kada ka ci gaba. Ko dai kwan ya ƙone, ko maƙalin bai ciji ƙarfe ba, ko batir ya yi sanyi.

In wayar ba za ta kai batir ba, maƙala ta a wani noti da ke jikin inji. Amma ya zama ƙarfe tsirara, ba fenti, ba tsatsa, ba roba. Bayan ka maƙala, sake kai tsinin kan (+) ka ga ƙwai ya kama. Duk sanda ka canza wa maƙali wuri, sake gwadawa. Duk sanda.

Me ya sa nake nanata wannan? Domin nan ne masu koyo suka fi faɗuwa. Mutum ya maƙala a kan fenti, ya taɓa nan babu haske, ya taɓa can babu haske, sai ya yanke hukunci cewa wuta ba ta zuwa. Alhali wuta na nan, kwansa ne bai samu hanyar komawa ba. Daga nan sai ya sayi kayan da bai lalace ba. Kwan da ba a gwada shi ba, shaidarsa ba ta karɓuwa.

Faɗi da bakinka: maƙali a ragi, tsini a ƙari, in ga haske, sannan in fara. Sake faɗa. Yauwa.

Darasi na 3: Fiyus

Akwatin fiyus baƙi ne, na roba, yawanci kusa da batir. Buɗe murfin ka juya shi. A cikinsa akwai zane. Nemi haruffan nan uku: F, A, N. Wani lokaci za ka ga an rubuta RAD FAN ko COOLING FAN, wani lokaci hoton fanka kawai. Wurin da zanen ya nuna, nan fiyus ɗinka yake. Riƙe murfin daidai da yadda akwatin yake kwance, kada ka juya zanen ƙasa a sama.

Kowane fiyus yana da lamba a kansa, kuma launinsa na tafiya da lambar: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Fanka tana cin wuta da yawa, shi ya sa nata kan zama babba, 30 ko 40, wani lokaci 50.

Ka gwada kwanka a batir? In ba ka yi ba, koma ka yi. Maƙali a ragi, tsini a ƙari, haske.

To, murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, ba sai ka ta da inji ba. Dubi saman fiyus ɗin da kyau, za ka ga ɗigon ƙarfe biyu ƙanana, ɗaya dama ɗaya hagu. Taɓa na dama. Taɓa na hagu. Duka biyun, ba ɗaya ba.

Ƙwai ya kama a duka biyun: fiyus lafiya. Ya kama a ɗaya kaɗai: fiyus ya ƙone. Bai kama ko'ina ba: kada ka ce komai tukuna, mayar da tsinin kan batir ka tabbatar maƙali bai zame ba. Sai in kwan ya kama a batir ne za ka yarda cewa wuta ba ta iso fiyus ba.

Manyan fiyus masu kama da ɗan akwati ba su da ɗigon nan. Suna da taga a sama, leƙa ka ga ko ƙarfen ciki ya tsinke.

In ya ƙone, sa sabo mai lamba iri ɗaya. Ina roƙonku, ku daina cusa guntun waya ko takarda mai ƙyalli a gurbin fiyus. Na gaji da ganin wannan. Fiyus yana ƙonewa ne don wayoyin mota su tsira. Wanda ya sa waya a gurbinsa, shi ya zaɓi gobara. In ka sa sabo ya sake ƙonewa, kada ka sa mai lamba mafi girma. Akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko kuma injin fankar ya cije.

Darasi na 4: Rile

Rile ɗan akwati ne mai ƙafafu huɗu ko biyar, a cikin akwatin fiyus ɗin nan. Kamar mai gadi yake: ƙaramar wuta ta zo ta ba shi umarni, shi kuma ya buɗe wa babbar wuta ƙofa ta wuce zuwa fanka.

Gwaji mafi sauƙi shi ne musaya. Nemi wani rile a akwatin mai kama da shi sak, lambar jikinsu ɗaya. Sau da yawa na ham yakan dace. Danna ham ka ji yana kuka, sannan ka kashe makulli, ka musanya su. In ham ya yi shiru, rilen fanka ne ya mutu. In ham ya yi kuka, rile lafiya yake, mayar da kowanne gidansa.

Yanzu zare rilen ka juya shi. Kusa da ƙafafun akwai lambobi ƙanana: 30, 85, 86, 87. Lamba 85 da 86 na ƙaramar wuta ne. Ta 30 babbar wuta ke shigowa, ta 87 take fita zuwa fanka. A wasu motoci, musamman na Japan, za ka ga 1, 2, 3, 5. To 1 da 2 su ne na ƙaramar wuta, 3 da 5 na babba. Lura: in ka kifa rile a gurbinsa, ƙafar da ka gani a dama tana komawa hagu. Kai shi bakin ramukan ka ga wace ƙafa ke shiga wane rami.

Gwada kwanka. Na san kun ji, amma rabinku ba za ku yi ba sai na tsaya a kanku. Maƙali a ragi, tsini a ƙari, haske.

Taɓa ramin 30. Ya kamata ƙwai ya kama. In ya kama, ɗauko waya mai kauri wadda aka sa wa fiyus a tsakiya. Tabbatar babu hannun kowa kusa da fanka. Haɗa ramin 30 da ramin 87. Waɗannan biyu kawai. Kada wayar nan ta shiga 85 ko 86, a motoci da yawa ɗaya daga cikinsu kwamfutar mota yake zuwa.

Fanka ta tashi? To injinta da wayarta lafiya, ciwon yana wajen umarni, wuce darasi na 6. Ba ta tashi ba? Darasi na 5.

Darasi na 5: Injin fankar

Cire kan batir na ragi. Juya fukafukan da yatsa. In sun yi tauri ko suna gurzawa, injin ya gaji. Zare soket ɗin fankar ka leƙa ciki. Robar da ta narke ko ƙarfen da ya yi kore ya isa ya hana wuta wucewa.

Fitar da hannu, mayar da kan batir, bar wayar 30 da 87 a haɗe. Gwada kwanka, sannan ka taɓa ramukan soket ɗin da ya fito daga jikin mota. Ɗaya zai ba da haske, shi ne mai kawo wuta. In babu haske, waya ta yanke tsakanin rile da fanka.

Saura hanyar komawa. A nan kaɗai maƙali ke barin ɓangaren ragi: maƙala shi a ƙari (+). Ka canza masa wuri, me za ka yi? Taɓa ragi (−) ka ga haske. Sannan taɓa ɗayan ramin. In bai kama ba, bi wayar har inda aka ɗaure ta a jikin mota, kwance notin, kankare tsatsa, ɗaure.

Wuta na zuwa, hanyar komawa lafiya, fanka shiru: injin fankar ne. In ka mayar da soket ka ɗan buga bayansa da ƙotar sukundireba ya tashi, gawayinsa, wato 'yan guntayen da ke kai wuta a cikinsa, ya cinye. Kada ka dogara da bugun, canza shi.

Fankar da ke da ɗan akwatin lantarki a jikinta da siririyar waya ta uku, kada ka ba siririyar wuta. Kai wa mai na'urar bincike.

Darasi na 6: Sensa

Sensa ce ke jin zafin ruwa, daga wajenta umarnin tashin fanka ke farawa. Yawanci tana kusa da inda babban tiyon lagireto ya shiga inji. Kada ka soka wa wayoyinta kwan gwaji. Cire wayar 30 da 87, mayar da rile gurbinsa, sannan ka zare soket ɗin sensar, ka ta da inji. A motoci da yawa fanka za ta tashi da ƙarfi. In ta tashi haka amma ba ta tashi da zafi, zargi sensa. Duba ruwa tukuna, sensar da ruwa bai kai gare ta ba ba ta faɗin gaskiya.

Darasi na 7: Fankar da ba ta tsayawa

In inji ya huce tana ta juyawa, zare rile. In ta tsaya, yi musaya kamar darasi na 4. In ba ta tsaya ba, wataƙila wani ya haɗa ta kai tsaye da batir, nemo wayar.

Aikin gida: zana rile, ka rubuta lambobin ƙafafunsa huɗu. Zo da kwan gwajinka darasi mai zuwa.