Yadda ake maƙala wa na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 4 (PS4) fankar sanyaya

Da farko ka kashe na'urar, ka zare wayar wuta, ka bari ta huce.

Sai ka goge ƙurar da ta toshe ramukan gefe da na baya da busasshen burushi. Kada ka tsallake wannan, fanka ba ta amfanar na'urar da ƙura ta shaƙe.

Yanzu ka duba inda fankar take hura iska, domin nan aka fi kuskure. PS4 tana jan iska ta gefe, ta fitar da zafi ta baya. Fankar da za ka maƙala a baya dole ta zuƙo zafin zuwa waje, kada ta mayar da shi ciki. Idan ka kunna, sa tafin hannu ka ji inda iskar take bi.

Ka maƙala fankar a bayan na'urar, ka jona wayarta a ramin USB, ka bar tazarar santimita 10 daga bango, sannan ka kunna.