Yadda ake bin salsala zuwa ga 'yan Suwidin na farko a bakin kogin Delaware

A nan Yamai wannan aiki yakan faɗo wa mutum ta hanya biyu: ko ɗan'uwa ya auri Ba'amurkiya 'ya'ya suka taso suna tambayar asalin dangin uwa, ko ɗalibin tarihi a Jami'ar Abdou Moumouni yana neman mulkin mallakar da ba na Faransa ko Ingila ba. Ko ta ina ya zo, ka riƙe abu ɗaya: kamannin suna ba hujja ba ne, kowane ɗa sai an ɗaure shi da ubansa da takarda.

A watan Maris 1638 jirage biyu, Kalmar Nyckel da Fogel Grip, suka iso kogin Delaware, a gabashin Amurka, daga Suwidin ƙarƙashin Peter Minuit, aka gina sansanin Fort Christina inda birnin Wilmington yake yau. Shekara 17 kawai Suwidin ta yi da wurin. Peter Stuyvesant na Holan ya ƙwace a 1655, Ingila ta karɓe a 1664. Yawancin mutanen kuwa ba su tashi ba, shi ya sa gida ɗaya za ka same shi a rubuce cikin harsuna uku. Da yawansu ma 'yan Finlan ne, don a lokacin ƙasarsu tana ƙarƙashin sarautar Suwidin.

Daga mai rai ake farawa, a yi baya. Sami littafi, kowane mutum da shafinsa: suna, haihuwa, aure, mutuwa, gari, da inda ka samo kowane bayani. Tsakaninmu da su kakanni sun haura goma, ba a tsallake ko ɗaya. Buɗe rajista a FamilySearch, shafin intanet na binciken salsala, kyauta ne, ka bi ƙidayar Amurka. Ta 1850 ce ta fara rubuta sunan kowane ɗa mai 'yanci a gida. Daga 1790 zuwa 1840 maigida kaɗai ake ambata. Kada ka ɓata kuɗin intanet wajen neman ta 1890, gobarar 1921 ta lalata mafi yawanta. Kafin 1850 sai wasiyya, takardun gado da na filaye, da littattafan coci, musamman na Holy Trinity a Wilmington, wadda aka buɗe a 1699, da Gloria Dei a Filadelfiya, ta 1700.

Wajen suna ne ake zamewa, amma Bahaushe ya fi Ba'amurke saurin ganewa. Yadda ɗan Abdu Musa yake zama Sani Abdu, haka suke yi: Peter ɗan Gunnar shi ne Peter Gunnarsson, ɗansa kuma Petersson, 'yarsa Petersdotter. Wasu suna da laƙabi da ya bi zuriya, kamar Peter Gunnarsson Rambo da ya iso a 1640. Sai magatakardan Ingilishi suka rubuta abin da kunnensu ya ji, kamar yadda Usman ya koma Ousmane a takardar haihuwa. Bengtsson ya zama Bankson, Gustafsson ya zama Justice, Kyn ya zama Keen, Jochimsson ya zama Yocum. Mårtensson kuma ya zama Morton, gidan John Morton da ya sa hannu a takardar 'yancin Amurka a 1776. Saboda haka ka nemi kowane suna da rubutu uku ko huɗu, kuma idan Anders biyu suka haɗu a gari ɗaya, ka raba su da sunan mata ko iyakar gona.

Akwai wani rami. Da yawa daga cikin masu suna Anderson da Johnson a jihar Minnesota jikokin 'yan Suwidin ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka daga tsakiyar ƙarni na 19, mutum fiye da miliyan ɗaya. Ba su da haɗi da Delaware. Idan sawu ya kai ka can, nasu bayanin yana littattafan cocin Suwidin da ke Riksarkivet, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasar Suwidin.

Kwanan wata ma da tarko. Kafin 1752 shekarar Ingila da yankunanta daga 25 ga Maris take farawa. Fabrairun 1710 a takardarsu Fabrairun 1711 ne a lissafinmu, don haka ake rubuta 1710/11. Wanda bai lura ba sai ya ga jariri ya riga ɗaurin aure, ya ɗora wa bayin Allah abin da ba su yi ba.

Idan ka kusa 1700, ka duba ƙidayar 1693, jerin gidajen da aka aika Suwidin lokacin da suke roƙon limaman coci. Ba su kai mutum 1,000 ba. Peter Stebbins Craig ya bi ta gida-gida a littafinsa na 1993. Bishiyoyin dangi da mutane ke liƙawa a intanet kuwa ji-ta-ji-ta ne har sai ka ga hoton takardar da idonka. Gwajin DNA na gama-gari ba ya kai wannan nisa da tabbaci. Na Y, mai bin uba zuwa uba, shi ke taimakawa.

Ƙungiyar Swedish Colonial Society, wadda aka kafa a 1909, tana karɓar zuriyar waɗanda suka iso kafin 1783, kuma hujjar kowane mataki take nema. Duk takardar da ka buɗe ka sauke ta nan take, kafin wuta ta ɗauke, ka sa mata sunan mutum, shekara da lambar shafi.