Yadda ake gane karkacewar shasi a tsohuwar Peugeot 504 bayan an gyara ta

An gama walda, an fesa fenti, mota ta yi kyau, amma a kan titi sai ta riƙa tafiya a karkace, sitiyari na ja gefe guda, taya na cinyewa ta baki ɗaya. Kada a yi saurin kai ta wurin masu alaimen. In shasi ne, wato ƙashin gangar motar, ya karkace, saita taya ba zai magance komai ba.

A samu daɓen siminti wanda ba shi da gangara, a daidaita iskar tayoyi huɗu, a miƙe sitiyari. A auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya, hagu da dama. Tazarar 504 salun milimita 2,740 ce, ta wagon 2,900. Abin lura shi ne bambancin gefen biyu: in ya haura milimita 5, akwai magana.

Ba lallai shasi ne ba tukuna. Bushin, wato robar da ke maɗaurin hannun taya, da ya cinye, ko hannun taya da ya lanƙwashe a rami, yana iya tura taya baya. A fara canza waɗannan, a sake awo.

In bambancin na nan, sai awon gicciye. A ɗaura ƙarfe mai tsini a zare, irin na magina, a sauke shi daga notin da ke riƙe ƙarfen gicciyen gaba, hagu da dama, a ɗiga alama da alli daidai inda tsinin ya tsaya. A yi haka a maɗaurin ƙafafun baya. A janye motar, a auna daga alamar gaban hagu zuwa ta bayan dama, sannan ɗaya kusurwar. Tsawon biyun ya kamata su zo ɗaya; in sun bambanta, shasi ya karkace. Kada a ɗauki awo daga bamba ko madigadi, domin fanal bita, wato mai gyaran bodi, ya riga ya taɓa su.

A salun da wagon, bodi da shasi a haɗe suke. Shi ya sa in aka yanke ruɓaɓɓen ƙasan mota ba a tokare ƙofofi da ƙarfe ba, gangar kan sauka, zafin walda kuma ya ja ta gefe. Tazarar bakin ƙofa za ta nuna: sama da ƙasa ba za su zo daidai ba. Irin wannan a kan teburin miƙe shasi ake janyo shi a hankali, ana ja ana awo. Kada a gasa ƙarfen da wuta har ya yi ja, ƙarfinsa yake rasawa.